Haƙƙin Bill Finger da aka danne shekara 76 a kan Batman

Daga 1939 har zuwa 2015, duk mujalla ko fim ko wasan talabijin da aka yi a kan Batman, jarumin labarai masu zane na Amurka, suna ɗaya ake rubutawa a matsayin wanda ya ƙirƙiro shi, wato Bob Kane. Shekara 76 ana nanata wannan magana a gaban miliyoyin masu karatu da masu kallo, alhali rabin gaskiya ce. Ɗaya rabin, wanda a wurina ya fi nauyi, na wani mutum ne mai suna Bill Finger, wanda ya mutu shi kaɗai a ɗakin haya a birnin New York a 1974, bai taɓa ganin kamfanin da ke buga Batman ya rubuta cewa da shi aka ƙirƙiro jarumin da ya azurta wasu ba.

Abin da nake son kafawa a nan abu ɗaya ne. Mutum yana da ikon sayar da aikinsa, ya karɓi kuɗi ko da kaɗan ne, ya haƙura da ribar da za ta biyo baya. Wannan ciniki ne, ana yin na riba ana yin na faɗuwa. Amma maganar wane ne ya yi aikin, wannan labari ne na abin da ya faru, kuma babu yarjejeniyar da za ta iya canja abin da ya riga ya faru. Kamfanin da ya san gaskiya ya ci gaba da buga akasinta, ƙarya yake yi wa jama'a, ko da lauyoyinsa sun ce doka ta ba shi dama.

An haifi Finger ranar 8 ga Fabrairu, 1914, a Denver ta jihar Kolorado a Amurka, cikin iyalin Yahudawa marasa ƙarfi. Milton ne sunan yankansa, daga baya ya koma amfani da Bill. A unguwar Bronx ta New York ya tashi, ya gama makarantar sakandare ta DeWitt Clinton a 1933, daidai lokacin da karayar tattalin arziƙi ta durƙusar da Amurka, aiki ya yi wuyar samu. Yana sayar da takalma a kanti, yana burin zama marubuci, sai ya haɗu da Bob Kane a wani taron biki a 1938. Shi ma Kane a wannan makarantar ya yi karatu, ya ɗan girme shi a harkar zane duk da Finger ya girme shi a shekaru, kuma ya riga ya fara sayar wa kamfanonin mujallu ƙananan labarai masu zane. Ya ga wannan saurayi ya karanta littattafai da yawa, kansa cike da labarai, sai ya ɗauke shi ya riƙa rubuta masa, shi kuma yana zanawa yana kai wa kamfani da sunansa.

A shekarar ce Superman ya fito a mujallar Action Comics, kasuwa ta buɗe yadda ba a taɓa gani ba. Editan kamfanin da yanzu ake kira DC, Vin Sullivan, yana neman wani jarumin da zai bi sahu. Kane ya koma gida ya zana wani mutum da ya kira Bat-Man, wato mai kama da jemage. A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi zanen da kyau, domin duk rigimar daga kan wannan takarda ta faro. Mutumin da Kane ya zana yana sanye da matsattsun kaya masu ja, da ɗan ƙyalle da ya zagaye idanu kawai, fuskarsa da gashinsa a waje, hannuwansa babu safa, a bayansa kuma fukafukai biyu ne sandararru kamar an kafe su da itace. Da Finger ya zo ya gani, sai ya ɗauko ƙamus daga kan kanta ya nemo hoton jemage. Ya ce a cire ɗan ƙyallen a sa hula mai rufe kai har zuwa hanci, mai kunnuwa biyu a tsaye. Ya ce a bar gurbin idanun fari fat, kada a zana ƙwayar ido, don ya yi kwarjini. Ya ce ja ya yi haske ga mai yawon dare, a mayar da kayan ruwan toka da baƙi. Ya ce a sauke fukafukan nan a sa doguwar alkyabba mai yankakken baki, wadda in ya yi tsalle za ta baje kamar fukafuki. Ya ce a sa masa safar hannu don kada ya bar shatin yatsu a inda ya taɓa.

Duk wanda ya taɓa ganin Batman, ko a jikin rigar yaro ce ta gwanjo, ya san wanne daga cikin biyun nan duniya ta sani. Kuma wannan bayani ba daga bakin masoyan Finger kaɗai ya fito ba. Shi kansa Kane ya tabbatar da mafi yawansa daga baya.

Siffa ke nan. Sauran ginin kuwa kusan duka na Finger ne. Shi ya rubuta labarin farko mai shafi shida da ya fito a mujallar Detective Comics lamba 27, ta watan Mayu 1939. Shi ya raɗa wa jarumin suna Bruce Wayne, ya ɗauko Bruce daga sarkin Sikotland na da, Robert the Bruce, ya ɗauko Wayne daga Anthony Wayne, wani janar na yaƙin neman 'yancin Amurka, don sunan ya yi kama da na gidan tsohon arziƙi. Shi ya dage cewa jarumin ya zama mai bincike, mai aiki da ƙwaƙwalwa da ilimin kimiyya, ba mai naushi kawai ba. Sunan birnin Gotham ma shi ya samo, yana duba littafin lambobin waya ya ci karo da wani kantin kayan ƙawa mai wannan suna. Laƙabin Dark Knight da ake yi wa Batman ya fara fitowa ne a 1940 a rubutunsa, laƙabin da aka sa wa fim ɗin 2008 wanda ya tara fiye da dala biliyan ɗaya, kuma babu sunan Finger a cikinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shafuka biyu da suka fito a lamba 33, ta watan Nuwamba 1939, inda aka ba da asalin jarumin. Likita ko attajiri, duk yadda aka bayyana shi daga baya, Thomas Wayne ne yake tafe da matarsa da ɗansu da dare, sun taso daga kallon fim. Ɗan fashi ya tare su yana neman sarƙar wuyan matar. Mijin ya yunƙura, aka harbe shi, matar ta yi ihu, aka harbe ta. Yaro yana tsaye hawaye na zuba. Bayan kwanaki ga shi durƙushe a bakin gado ga kyandir yana ci, yana rantsuwa cewa zai ƙarar da rayuwarsa yana yaƙar masu laifi. Sai shekarun koyon kimiyya da motsa jiki a 'yan zane biyu. Sai ga shi ya girma, zaune a ɗaki yana tunanin cewa masu laifi matsorata ne masu camfi, don haka yana buƙatar shigar da za ta razana su, sai jemage ya faɗo ta taga. Shi ke nan. Shafi biyu. Amma yau fiye da shekara 80 ke nan masu fim da marubuta suna komawa wannan lungu da wannan harbi, domin a nan ne aka bai wa jarumin dalili. Superman daga wata duniya ya zo da ƙarfinsa. Wannan kuwa maraya ne da baƙin ciki ya ƙera, kuma shi ya sa ya daɗe bai gundiri mutane ba. Mai kaya ja da fukafukan itace da tuni an manta da shi, kamar yadda aka manta da tarin jarumai da kamfanoni suka yi ta fitarwa a waɗannan shekaru suna kwaikwayon Superman.

A 1940 aka ƙaro Robin, yaron da ke taimaka wa Batman, saboda Finger ya gaji da rubuta jarumin da ba shi da abokin magana, kullum sai tunani a zuci. A shekarar aka fito da abokan gabar Batman biyu, Joker da Catwoman. Kan Joker akwai saɓani tsakanin Kane da wani matashin mai zane, Jerry Robinson, kowa na cewa shi ya fara kawo shi, amma duka biyun sun yarda Finger ne ya rubuta labarin, kuma shi ya kawo hoton ɗan wasan Jamus Conrad Veidt mai murmushin ban tsoro daga wani fim na 1928. Wasu abokan gabar suka biyo baya, Penguin a 1941, Riddler a 1948. Masu zanen da suka yi aiki da shi sun ce yakan liƙa wa rubutunsa hotunan da ya yanko daga jaridu da mujallu, na jirgin ruwa ko masana'anta ko gada, don mai zane ya san ainihin abin da ake nufi. Yana da littafin da yake tara ƙananan bayanai na ban mamaki waɗanda zai gina labari a kansu wata rana. Shi ya shahara da kai faɗa cikin manyan kayan talla, inda za ka ga Batman da Robin suna tsalle a kan maɓallan wani makeken keken rubutu da ya fi gida girma.

To, duk wannan aiki, ina sunansa? Kane ne ya kai Batman ga kamfani shi kaɗai, ya ƙulla yarjejeniya shi kaɗai, bai ambaci cewa akwai wani ba, kuma ya samu sharaɗin cewa sunansa ne zai riƙa fitowa. Finger ya tashi da kuɗin shafi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Akwai hujjojin da ake kawowa don kare Kane, kuma ba zan yi kamar ba su da tushe ba. Ana cewa al'adar zamanin ke nan, manyan masu zanen jaridu duk suna da yaran da ke musu aiki a ɓoye. Gaskiya ne. Ana cewa Kane ne ya fara kawo tunanin da sunan, shi ne kuma ya san ƙofar kamfani, ba don shi ba da Finger yana nan yana gwada wa mutane takalma. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ban taɓa cewa a goge sunan Kane ba. Ana kuma cewa ba Finger kaɗai ya gina Batman ba, domin Gardner Fox ya rubuta wasu daga labaran farko ya ƙara kayan faɗa, kuma shi kansa labarin farko na Finger ya jingina ne sosai a kan labarin wani jarumi mai suna The Shadow na 1936, abin da Finger bai ɓoye ba. Duk na yarda. Ƙirƙira a wannan sana'a aikin gayya ce, kowa yana ɗiba daga na gaba da shi.

Sai dai hujjar al'ada ta rushe tun a lokacin. Superman ya fito da sunaye biyu a kansa, marubuci Jerry Siegel da mai zane Joe Shuster. Shi kansa Finger, da ya rubuta labarin jarumi Green Lantern na farko a 1940 tare da mai zane Martin Nodell a wani kamfani ɗan'uwan DC, an buga sunansa a kai. Ke nan babu abin da ya hana a rubuta sunan marubuci. A kan Batman ne kawai aka toshe, saboda mutum ɗaya ya ga amfaninsa a toshewar. Kuma in aikin gayya ne, ai hujja ce a kan Kane, domin shi ne ya ce shi kaɗai ya yi. Har zanen ma, shekaru da yawa wasu ne suke yi yana sa hannu. Sheldon Moldoff ya yi masa zane a ɓoye daga 1953 zuwa 1967.

Hujjar da ta fi ɓata mini rai ita ce ta masu cewa laifin Finger ne, don me bai tashi ya nemi haƙƙinsa ba. Wai ai baligi ne, shekararsa 25. Masu faɗin haka sun manta da halin da mutum yake ciki in yana cin abinci daga shafi zuwa shafi. Finger mai jinkirin rubutu ne, yana sake aiki har sai ya gamsu, yakan makara wajen miƙawa, yakan nemi a ba shi wani abu kafin aiki ya kammala. Wanda yake tsaye a ƙofar edita yana neman kuɗin hayar wata ba ya cikin matsayin da zai buga tebur. Ya kuma ga abin da ya sami waɗanda suka buga. Siegel da Shuster, waɗanda suka sayar da Superman a kan dala 130 a 1938, sun kai kamfanin kotu a 1947 suna neman a mayar musu da shi. Ba su samu ba, aka raba su da aikin, aka cire sunayensu daga mujallar. Wannan darasi ne da kowane marubuci a ofishin ya haddace. Shirun mai rauni ba yarda ba ce, kuma ko da yarda ce, yardarsa ba ta mayar da ƙarya gaskiya.

A 1965 ne maganar ta fara fita. Masu sha'awar waɗannan mujallu sun fara shirya taruka, Finger ya halarci ɗaya a New York ya yi bayanin aikinsa. Wani malamin jami'a mai bin diddigin tarihin mujallun, Jerry Bails, ya rubuta maƙala a wata ƙaramar mujallar masoya yana bayyana rawar da Finger ya taka. Kane ya mayar da martani da doguwar wasiƙa, ya ce shi kaɗai ya ƙirƙiro Batman da kayansa, Finger yana ɗora wa kansa abin da bai kai ba. Babbar hujjarsa a wasiƙar ita ce, da Finger abokin ƙirƙira ne, da an ga sunansa a kan mujallar kamar yadda aka taɓa ganin na Siegel da Shuster a kan Superman. A duba wannan magana da kyau. Mutumin da ya hana a sa sunan shi ne yake kafa hujja da rashin sunan. A nan ne nake ganin haɗarin wannan irin zalunci ya fito fili: in aka bar ƙarya a rubuce ta daɗe, sai ta koma shaida, a riƙa ƙaryata mai gaskiya da ita. Abin da Kane ya yi a 1939 ana iya cewa rawar kan saurayi ne mai neman shiga. Na 1965 kuwa dattijo ne mai kuɗi ya yi shi da gangan, a kan abokin da ya san yana cikin ƙunci.

A 1966 wasan Batman na talabijin ya karaɗe Amurka, kuɗi suka yi ta shigowa. Finger da abokin rubutunsa Charles Sinclair sun rubuta labari ɗaya mai kashi biyu a cikin shirin, kuma a nan ne sunansa ya fito a allo haɗe da Batman, a matsayin marubucin wannan labarin kawai. Zuwa ƙarshen shekarun 1960, tsofaffin marubutan kamfanin irin su Gardner Fox da Arnold Drake sun nemi a riƙa ba su inshorar lafiya da ƙarin haƙƙoƙi, sai aiki ya daina zuwa musu, aka kawo matasa. Tsarar Finger ke nan aka share. Ya ci gaba da 'yan rubuce-rubucen talabijin da ƙananan finafinai, ciwon zuciya yana damunsa. Ranar 18 ga Janairu, 1974, Sinclair ya je duba shi ya tarar ya rasu, saura makonni uku ya cika shekara 60. An ƙona gawarsa aka watsa tokar a bakin teku a jihar Oregon, don haka ba shi da kabari. A 1976 wata mujallar kamfanin ta buga ɗan labarin zolaya a kan wani marubuci mai suna Phil Binger, mai makara da roƙon kuɗi. Kowa a sana'ar ya gane wanda ake nufi. Wannan abin kunya ne da har yau in na tuna nake jin zafinsa.

Bai kai ga ganin abin da ya faru a 1975 ba. A shekarar, ana shirin fim ɗin Superman, Siegel ya fito ya faɗa wa 'yan jarida halin da suke ciki shi da Shuster, wanda idanunsa suka kusa mutuwa. Jerry Robinson da mai zane Neal Adams suka tsaya musu, suka yi ta yawo gidajen jarida da talabijin, har kamfanin Warner, wanda ya mallaki DC a lokacin, ya amince zai riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, a kuma mayar da sunayensu. Finger ya riga ya kwanta dama, ba shi da bakin magana.

Kane ya yi nadama, amma a makare kuma a taƙaice. A littafin tarihin rayuwarsa na 1989, shekarar da fim ɗin Batman na Tim Burton ya tara fiye da dala miliyan 400, ya amsa cewa Finger bai samu suna da yabon da ya cancanta ba, ya ce da zai iya komawa baya kafin rasuwarsa da ya sa sunansa. Ina karɓar wannan a matsayin shaida mai ƙarfi. A matsayin tuba kuwa bai isa ba, domin ya rayu shekara tara bayan haka, har zuwa Nuwamba 1998, yana da ikon ya rubuta wa kamfani takarda ɗaya ya ce a gyara, bai yi ba. Rubutun da ke kan kabarinsa a Kalifoniya ma cewa yake shi da Bruce Wayne da Batman abu ɗaya ne.

Duk da haka, ba na son a tattara laifin a kan Kane a bar kamfani. Mutum ɗaya mai son kansa ba abin mamaki ba ne. Kamfanin ya gano Finger tun farkon shekarun 1940, ya ɗauke shi yana ba shi aiki kai tsaye, editoci suna karɓar rubutu daga hannunsa suna biyansa. Sun san komai. Bayan mutuwar Kane ma sun ƙara shekara 17 suna cewa yarjejeniya ta ɗaure musu hannu. Har a wasu littattafansu suna yabon Finger a gabatarwa, amma layin da ke cewa wane ne ya ƙirƙira bai motsa ba. Yarjejeniya kuwa abu ne da ake sake zama a kansa in an ga dama, kamar yadda aka yi da 2015 ta zo.

Me ya kawo 2015? Jerry Robinson ya kafa lambar yabo ta marubuta da sunan Bill Finger a 2005, ana bayar da ita duk shekara a babban taron masu sha'awar waɗannan mujallu na birnin San Diego. Wani marubuci, Marc Tyler Nobleman, ya shafe shekaru yana tono tarihin Finger, ya fitar da littafi a kansa a 2012. A da an ɗauka zuriyarsa ta ƙare da mutuwar ɗansa Fred a 1992, sai Nobleman ya gano cewa Fred ya bar 'ya, Athena Finger. Wannan ya canja lissafi, domin dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 ta bai wa marubuci ko magadansa damar karɓe haƙƙin da aka sayar bayan wasu shekaru, kuma magadan Siegel sun riga sun ja kamfanin a kotu shekara da shekaru a kan wannan tanadi. A watan Satumba 2015 kamfanin ya sanar cewa zai fara sa sunan Finger. Ya fito a shirin talabijin na Gotham, ya fito a fim ɗin Batman da Superman na 2016. A Disamba 2017 aka raɗa wa wata kusurwar titi a Bronx sunansa, kusa da lambun Poe Park inda shi da Kane suke zama suna tsara labarai. A fahimtata, abin da ya motsa kamfanin shi ne samuwar magajiya mai ƙafar tsayawa a kotu, haɗe da surutun da ya fara taɓa mutuncinsa. Hujjojin kuwa suna nan tun 1965. Ina tambayar kaina, da Fred bai haihu ba fa? Da har yau suna ɗaya ake bugawa, alhali gaskiyar abin da ya faru a ɗakin Kane a 1939 ba ta dogara da ko mutum ya bar jika ba.

Shi ya sa nake goyon bayan tsarin da ya raba haƙƙin kuɗi da haƙƙin suna. Yarjejeniyar Berne ta duniya kan haƙƙin mallaka ta tanadi haka tun gyaran da aka yi mata a 1928: ko marubuci ya sayar da aikinsa, yana da ikon a san shi ne ya yi. Amurka ba ta shiga wannan yarjejeniya ba sai 1989, kuma har yanzu a dokarta, aikin da aka yi a ƙarƙashin haya kamfani ne ake ɗauka a matsayin marubucinsa. Masu kasuwanci suna cewa wannan ya fi sauƙi, in mutum ɗari suka taɓa aiki ba za a iya jera su duka ba. Amma finafinai suna jera ɗaruruwan sunaye a ƙarshe har da direbobi, ba wanda ya talauce. Kuma suna ba ado ba ne ga mai wannan sana'a. Da shi ake samun aiki na gaba, da shi ake ƙara farashi. Da an san Finger ne ya gina Batman a lokacin da wasan talabijin yake tashe a 1966, da masu neman marubuta sun yi layi a ƙofarsa. Wanda ya ɗauke maka suna ya ɗauke har kuɗin da ba ka riga ka samu ba.

Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne a 1993, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta amince da haƙƙin marubuci na a danganta masa aikinsa. A takarda mun fi inda Finger ya tsaya. A aikace kuwa, duk wanda ya san harkar finafinanmu da waƙoƙinmu da rubuce-rubucen da ake yaɗawa a waya ya san yadda ake yi: yaro ya kawo labari ko baitoci, maigida ya ce bari a fitar da sunan da kasuwa ta sani, naka lokacin yana zuwa. Yaron ba zai kai ƙara ba, saboda dalilin da ya hana Finger, gobe ma a nan zai nemi aiki. Don haka ban ga amfanin a riƙa ce wa yara su tashi su ƙwaci haƙƙinsu ba. A tarihin nan da na bayar, duk inda aka samu gyara, wasu ne masu ƙafar tsayawa suka yi magana a madadin wanda ba zai iya ba: Bails da alƙalaminsa, Robinson da Adams da sunan da suka riga suka yi, Nobleman da bincikensa. Nauyin yana kan daraktan da ya ga wanda ya kawo labarin, da mai ɗaukar sautin da ya ji wanda ya tsara waƙar, da ƙungiyoyin marubuta da ya kamata su sa sharaɗin suna a kowace yarjejeniya, su ƙi barin a yi cinikinsa ko da marubucin da kansa ya ce ya yafe.